Jinin da Ba Ya Barin Gida

Ranar Lahadin da ta biyo bayan ƙaramar salla, bayan an idar da la'asar, muna zaune a barandar Baffa a New Bell. Akwai Baffa, wan mahaifinmu, wanda ya riƙe mu tun rasuwar ƙaninsa. Akwai Inna, mahaifiyata. Akwai Yaya, babban wana, da autan Baffa wanda ya zo hutun salla daga ƙasar waje, da ni da jaririya a cinya, ko wankan jego ban gama ba. Wadda aka taru dominta ba ta wurin. 'Yar Yaya ce, shekararta shida, tana kwance a asibiti tun ranar Juma'a da palu, kamar yadda duk Douala ke kiran zazzaɓin cizon sauro. Likita ya ce jininta ya yi ƙasa ƙwarai, sai an yi mata ƙari. Akwai leda ɗaya da ta dace da ita a ma'ajiyar jinin asibitin, amma ƙa'idarsu ba sa sakin leda sai dangin majinyaci sun kawo mutum biyu an ɗebi nasu a madadinta. Abin da aka zauna a kai ke nan, mutum biyu.

A wani gidan wannan ba abin zama ba ne. A namu sai an zauna, domin jinin gidanmu ba ya fita.

Mu mahauta ne. Kakanmu ya gangaro daga arewacin Najeriya a bayan shanu, ya zauna a New Bell tun unguwar tana rabin fadama. Har yau idan damina ta kankama lambatu kan cika ya juyo cikin ɗakuna, a ɗora katifu a kan benci, sauro ya yi ta hayayyafa a duk gwangwanin da aka yar. Da muna yara, ba a yin damina ba a fito da ƙananan gawarwaki daga layinmu ba, a naɗe a tabarma, mutum ɗaya ya ishe su ɗauka. Daga gidanmu ba a cika fitowa da su ba. Mukan yi zazzaɓi mu kwanta, kafin a gama dafa magani mun tashi muna neman abinci. Unguwa ta lura, har ana cewa sauro ba ya iya 'ya'yan mahauta.

Baffa ya ɗauki wannan a matsayin gado, kamar fili ko wuƙa. Bai taɓa kwana cikin gidan sauro ba, kuma yakan faɗa wa baƙi haka tun kafin su sha ruwa. Ya kafa doka biyu. Ta farko, ɗan gidan nan ba ya yin ƙaho, ba ya ba da jini. A ganinsa na mahauci, jinin da aka haifi mutum da shi shi ne mai kauri, wanda jiki ke mayarwa bayan an ɗiba kuwa tsararo ne, ta nan zazzaɓi ke samun ƙofa. Ta biyu ta shafi aure. Idan ana neman mata ga ɗan gidan, Baffa ba ya tambayar dukiya ko karatu. Yakan aika tsofaffin mata su zaga su jiyo masa abu ɗaya: yara nawa gidan suka binne da damina. Haka yake zaɓen shanu. Idan mota ta iso daga arewa, ba ya kallon ƙaho ko tozo, sai wadda ta sauko da ƙafarta tana neman ciyawa.

Ta wannan hanya aka samo matar Yaya, 'yar wasu masu fataucin goro a Ndogpassi, gidan da su ma aka san su da irin shaidar da aka yi mana. Ba wanda aka tilasta. Sun ga juna sun so juna, Yaya har rama ya yi kafin a sa rana. A wurin ɗaurin aure Baffa ya ce wa jama'a ya haɗa ƙarfe da ƙarfe.

Ɗansu na fari ya zo lafiya ƙalau. Ta biyu ita ce wannan yarinya. Tun ba ta yi shekara ba hannuwanta da ƙafafunta suka fara kumbura, idanunta suka yi ɗorawa, tana kuka idan an taɓa ta. Aka auna jininta aka ce sikila ce. Na san kalmar, domin a gidan rediyon da nake aiki ni ke karanta shirin lafiya na Hausa, kuma na sha faɗa wa masu sauraro cewa ciwon gado ne, rabi daga uba, rabi daga uwa. Na faɗi haka a gida sau ɗaya. Baffa ya ce abin da ake karantawa a rediyo na gidajen mutane ne. Ya hana a ambaci sunan ciwon ciki da waje, saboda akwai 'yan mata a gidan da ba su yi aure ba. A unguwa aka ce sanyin ƙashi ne. Shi kuwa tun daga lokacin bai ƙara kiran yarinyar da sunanta ba, sai «ta asibiti».

Da safiyar Lahadin na je na gan ta. Lallen salla na nan a tafin hannunta, ja wur, shi ya sa uwar ba ta ga yadda tafin ya koɗe da wuri ba. Likita ya ja fatar idonta ƙasa ya nuna mini, fari fat kamar alawayyo. Numfashinta gajere ne, mai sauri. Ta ce, «Gwaggo, a gaishe ni a rediyo, a ce ina lopital.» Na miƙa hannu a ɗebi jinina, ma'aikaciyar ta dubi jaririyar da ke bayana ta ce in rufa wa kaina asiri. Uwar yarinyar ma sun auna ta sun ce nata bai ishe ta ba. Ƙanin uwar ya zo daga Ndogpassi, aka samu ciwon hanta a jininsa, aka sallame shi. Mijina direban babbar mota ne, yana kan hanyar Chadi. Saura mazan gidanmu.

Autan Baffa ne ya fara magana a barandar. Aikinsa a ɗakin bincike yake, inda ake nazarin palu a jikin ɓeraye, kuma tun da ya dawo uban ke kiransa likitan ɓera.

«Baba, abin da kake faɗa game da gidan nan gaskiya ne,» in ji shi. «Ba ƙarya ba ne. Ni aikina ke nan.»

Baffa ya gyara zama. «To. Yau ɓera zai ba ni shaida. Faɗi mu ji.»

«Muna da su iri-iri. Sai mu sa musu ƙwayar cutar. Wani iri ya ji jiki ya tashi, wani iri ya mutu, alhali abinci ɗaya suke ci, keji iri ɗaya. Sai mu haɗa mai tashi da mai mutuwa su haihu, mu bi 'ya'ya da jikoki, har mu gano wane gado ne ke yin kariyar.»

«Har aure kuke ɗaura musu? Wa ke karɓar sadaki?»

Inna ta yi 'yar dariya don ta taya shi, ba don abin ya ba ta dariya ba.

«Wani lokaci,» autan ya ci gaba, «abin da ke karewar ɗan lahani ne a ƙwayoyin jini. Cutar ta shiga ta tarar gidan bai yi mata daɗin zama ba. Irinsa ne a jikinmu. Wanda ya gaji guda ɗaya, daga uba ko daga uwa, palu ba ya cika kai shi ƙasa. Kai ke nan, da Yaya, da ni.»

«Kun ji ko?» Baffa ya dubi kowa ɗaya bayan ɗaya. «Shekara nawa ina faɗa? 'Yar rediyo, kin ji? Sai da Bature ya gwada a ɓera.»

«Wanda ya gaji biyu kuma, ɗaya daga nan ɗaya daga can, shi ne mai sikila. Abu ɗaya ne, Baba. Abin da ya tsare mu shi ne ya kwantar da ita. Kuma ba ya raguwa don an ɗebi leda ɗaya. A cikin ƙashi ake ƙera shi, wanda zai dawo irin wanda ya fita ne sak.»

Baffa bai karɓi wannan rabin ba. Ya ce ƙarfe ba ya haifar ruɓaɓɓen itace, idan an ga ɓaraka a dubi inda aka samo ɗaya ƙarfen. Ya ce shi ya yanka shanu fiye da gashin kan yaron, ya san jinin farko ya san na baya. Yaya na zaune a bakin dakali, kansa a ƙasa, yana juya wayarsa a hannu. Teburin naman da yake ci da shi a kasuwa na Baffa ne, ɗakin da yake kwana na Baffa ne, kuma tun yana ɗan shekara tara bai taɓa ce wa Baffa a'a ba.

Inna ce ta samo hanya. Ta fi mu sanin mutumin, ta shekara talatin tana zagaye shi.

«Yaya Alhaji,» ta ce wa Baffa, «ni a jahilcina, ina ganin idan uba ya ba 'yarsa ai bai fita ba. Daga wannan ɗaki ne zuwa wancan. Gida ɗaya.»

Baffa ya ɗauki carbinsa yana ja. Mai bensikin, babur ɗin haya, ya wuce a layi da kiɗa, ƙarar ta yi nisa. Sannan ya ce, «Wannan magana ce. Idan daga hannunsa zuwa nata ne, bai bar gida ba. Wataƙila ma ya gyara abin da uwar ta ɓata.»

Yaya ya ɗaga kai. Na ga ƙafarsa tana laluben takalmi.

«Kai da ɗan'uwanka ku je,» in ji Baffa. Ya juya ga autansa. «Likitan ɓera, haka ake yi ko? Su zare daga nan su sa mata a can, ina nufin nasa, ba na wani ba?»

Inna ta yi tari. Na dubi autan, na san ya gan ni. Amma shi mutum ne da aka horar kada ya ce abu ya faru alhali bai faru ba, kuma uban ya tambaye shi kai tsaye a gaban mutane.

«Ba haka ba ne daidai,» ya ce. «Ita ba a son a sa mata namu, tunda muna ɗauke da rabin abin. Wanda ke cikin firij za a sa mata, na wani ne mai jini ba gauraye. Namu ajiyewa za su yi a madadinsa.»

«Su ajiye wa wa?»

«Duk wanda ya zo yana bukata.»

«Duk wanda ya zo.» Baffa ya maimaita a hankali. «Wato ɗan giyar da mota ta buge a Akwa. Wato ɓarawon da aka sara a unguwar Village. Shi zai tashi da jinin ubana a jikinsa yana yawo, sauro na ganinsa yana kaucewa. Ita kuma a ɗura mata na wanda ba mu san ko yana wanka ba.» Ya dubi Yaya. «Cire takalmin.»

Yaya ya cire.

«Baba, mais c'est pas possible,» in ji autan. «Leda ɗaya ce fa. Yarinyar ba za ta kai...»

«Yi mini Hausa a gidana.»

Ana cikin haka matar Yaya ta shigo. Ta bar yarinyar da wata maƙwabciyar gado ta hau bensikin ta zo, don ta ga shiru. Zanen salla ne a jikinta tun na ranar Juma'a. Ta durƙusa daga nesa, a kan siminti, ta gaida Baffa cikakkiyar gaisuwa, har da tambayar gajiyar salla. Sannan ta ce likita ya ce kada a wuce yau. Ta ce akwai wasu ma da ke neman irin ledar. Ba ta yi kuka ba.

Baffa bai amsa mata ba. Ya ci gaba da magana da ɗansa kamar ba ta shigo ba.

«Tambaya ɗaya ta rage mini. Waɗannan ɓerayen naku, idan kun haɗa auren, aka haifi wanda ya kwaso lahanin duka biyu, mai ciwo. Kuna ƙara masa jini?»

Autan ya kau da kai.

«Da kai nake. Kuna neman mutum biyu?»

«A'a.»

«Me kuke yi?»

«Muna lura da shi, mu rubuta abin da ya same shi.»

«Sannan?»

«Baba, ɓera ne.»

«Na sani. Sannan?»

«Sannan a kashe shi, yadda ba zai sha wuya ba.»

«To,» in ji Baffa. «Ashe Turawa ma sun san kiwo.» Sai a lokacin ya juya ga matar da ke durƙushe. «Ke kuma, kin ba mu ɗa namiji lafiyayye, mun gode. Wannan ɗayar daga gidanku kika zo da ita. Bana a ƙara mata, baɗi a ƙara mata, sai an tsotse mazan gidan nan kaf? Ku je Ndogpassi, ku ma an ce kuna da jini.»

Ta dubi mijinta. Ni ma shi na duba. Yana kallon takalminsa.

«Yaya,» na ce, «'yarka ce.»

«Na sani,» ya ce, bai ɗago ba.

Autan ya tashi ya shiga ɗaki ya ɗauko jakarsa ta tafiya gaba ɗaya, ya san ba zai dawo ya kwana a gidan ba. Baffa ya ce masa idan ya miƙa hannunsa ga allura kada ya ƙara miƙa masa shi a gaisuwa. Autan ya ce ya ji. Ya ce wa matar Yaya ta tashi su tafi. Kafin magariba an ɗebi nasa. Saura ɗaya.

Na ce zan aika a sanar a masallacin layinmu bayan salla, mutum ɗaya kawai ake nema. Baffa ya ce duk wanda ya kai maganar nan masallaci ya kai 'yan matan gidan nan kasuwa ya karya musu daraja, kuma limamin abokinsa ne, ba zai sanar da abin da mai gida bai sani ba. Wannan gaskiya ne. Na koma ɗakin Inna na kama waya. Salla ce, rabin waɗanda na sani sun tafi arewa ganin gida. Wani ya ce yana azumin sitta shawwal, jikinsa ba ƙarfi. Wata ta tambaye ni me ya hana mazan gidanmu, mahauta guda nawa, na ce mata doguwar magana ce. Wani abokin aikina, mai haɗa sauti, ya ce zai zo da safe. Daga nan ruwa ya sauko irin na Douala, wanda ba ya farawa da yayyafi. Kafin isha'i lambatun layinmu ya haɗe da hanya, bensikin sun daina shigowa.

Da asuba na ji an buɗe ƙofar gida a hankali. Na leƙa ta taga na ga Yaya ya naɗe wando zuwa gwiwa, takalmi a hannu, yana ratsa ruwan. Ya sa riga mai dogon hannu. Bai je masallaci ba. Na goya jaririyata na bi shi da gari ya waye.

Na same shi a kan benci a gaban ma'ajiyar jini, hannun rigar a naɗe, auduga a lanƙwasar hannunsa. An riga an ɗiba. Sai bayan an gama ne ma'aikacin safe ya duba firij ya ce ledar ba ta nan. Wata mata ta haihu jiya da yamma jini ya ɓalle mata, danginta sun kawo mutum biyu nan take, aka ba su. Ya faɗi haka ba tare da mugunta ba, yana cin burodi. Ya ce yanzu bashinmu ya cika, muna da haƙƙin leda, sai dai a nemo irinta a wani asibitin. Ya buga waya wuri biyu. Autan ya hau bensikin da akwatin ƙanƙara ya nufi wanda aka ce wataƙila akwai, a can hanyar Yaoundé, inda ruwan jiya ya tsayar da motoci tun daga Ndokoti. Abokin aikina ya iso kamar yadda ya yi alkawari, aka ce ba a bukatarsa kuma.

Yaya ya shiga ɗakin da take. Matarsa ba ta matsa masa a bakin gadon ba, sai ya tsaya daga ƙafa. Yarinyar ba ta gane kowa a lokacin. Bakinta a buɗe, ƙirjinta na ɗagawa da sauri kamar na ɗan tsuntsu. Ya sauke hannun rigarsa ya ɓalla maɓallin, ya tambaye ni a hankali ko audugar tana nunawa ta cikin yadin. Na ce ba ta nunawa.

Ta rasu kafin azahar. Autan ya iso da ledar bayan an rufe ta da zane, aka karɓa aka sa a firij.

An yi jana'iza bayan la'asar. Baffa ne ya tsaya a gaba wajen karɓar gaisuwa, yana ce wa mutane sanyin ƙashi ne, dama tun haihuwa ba ta da ƙwari. Autan ya koma bakin aikinsa daga masaukin da ya kama a Akwa, ba su yi sallama da uban ba. Bayan sadakar bakwai matar Yaya ta tafi gidansu a Ndogpassi da akwati ɗaya. Baffa ya hana ta tafiya da ɗan namijin. Ba ta dawo ba, kuma Yaya ya aika mata da takardarta kafin babbar salla.